Yaya zan fahimtar da yara ma'anar tsarki da tsarkaka a makarantar Lahadi?

Malamar Lahadi, cikin garin Katsina:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna koyar da yara. Ajinmu yara ne wajen 35, daga mai shekara 5 har mai 12, duka a ɗaki ɗaya, lokacin da ake ba mu kuma minti 40 ne. Darasin wata mai zuwa a kan tsarki ne, ayar hadda kuwa 1 Bitrus 1:16, inda Allah ya ce mu zama tsarkaka domin shi mai tsarki ne.

Ga inda gizo ke saƙa. In ka ce wa yaron Katsina "tsarki", abin da zai fara zuwa mashi a rai buta ce da bayan gida. In ka ce "waliyyi", sai ya tuno Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani da yake jin sunansu a gari, ko hoton wani Bature mai zoben haske a kai da ya gani a kalanda. Ga shi iyayen yaran ba ɗarika ɗaya ba ne: akwai 'yan ECWA, akwai Angilikan, akwai waɗanda kakanninsu Katolika ne, masu sunaye irin su Monika da Kizito.

Da wace kalma zan fara? Wane abu zan riƙe a hannu in nuna masu su gani? Kuma in yaro ya tambaye ni ko shi ma yana cikin tsarkaka, alhali jiya ya yi ƙarya, me zan ce mashi?

Tsohon malamin Lahadi, Ƙofar Ƙaura:

'Yar'uwa, sannu da aikin Ubangiji. Kada ki fara da kalmar tsarki sam. Ki fara da kalmar keɓewa, sai daga baya ki ɗora tsarki a kanta. Asalin kalmar a Ibraniyanci, wato kadosh, da takwararta ta Helenanci, hagiyos, duka suna ɗauke da ma'anar abin da aka ware aka ce wannan na Allah ne. Tsabta da halin kirki suna biyo baya ne. In kika juya tsarin, kika sa halin kirki a gaba, yaran za su tashi da cewa mai tsarki shi ne wanda ba ya laifi, kuma kowannensu ya san shi ba haka yake ba, sai ya cire kansa daga lissafi tun kafin ki gama magana.

Abin da za ki riƙe a hannu: kwanon baba. Ki samo kwanoni biyu iri ɗaya sak, girma ɗaya, launi ɗaya, masu murfi. Dole su zama iri ɗaya, domin in ɗaya ya fi ɗaya kyau darasin ya rushe. Ki ɗora su a tebur ki tambaya, "A gidanku akwai kwanon da ba wanda ke cin abinci a ciki sai baba?" Kusan kowa zai ɗaga hannu. Ki ce, "Ana zuba wa kaji dusa a ciki? Ana ɗibar ƙasa da shi a yi wasa?" Za su yi dariya su ce a'a. Sai ki ce, "To me ya sa? Da zinariya aka yi shi?" Ki bar su su yi ta laluben amsa har wani ya ce, "Ai don na baba ne." Da bakin yaro ake so wannan maganar ta fito, kada ki riga su. Nan take ki manna takarda a jikin kwano ɗaya mai rubutu NA ALLAH. Kasuwa ɗaya aka sayo su, kuɗi ɗaya, abin da ya bambanta su shi ne mai shi.

Daga nan ki buɗe Fitowa 3:5, inda aka ce wa Musa ya tuɓe takalmansa domin wurin da yake tsaye mai tsarki ne. Ki tambaye su ko share wurin aka yi, ko wanke shi. Jeji ne, ƙasa ce da duwatsu inda yake kiwon tumakin surukinsa. Kasancewar Allah a wurin ita ta mai da shi mai tsarki. Wannan ayar ita ce ke raba yaro da tunanin buta, ba tare da kin kushe buta ba. Kuma kada ki kushe ta. Tsabtar jiki abu ne mai kyau, maƙwabtanmu Musulmi suna riƙe da ita da muhimmanci, yaran nan kuma tare suke wasa da zuwa makaranta. Ki ce masu kalma ɗaya ce mai aiki biyu: akwai tsarkin da ruwa ke yi, akwai wanda ruwa ba ya kaiwa wurinsa. Ga manyan, Markus 7:20-23 ya isa, inda Yesu ya lissafa abubuwan da ke fitowa daga zuciya su ƙazantar da mutum.

Game da yaron da ya yi ƙarya jiya, ki kai shi Koranti. Bulus ya buɗe wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 1 aya 2, yana kiran mutanen ikilisiyar nan tsarkaka. Ki ci gaba da karatu ki ga ko su wane ne: a sura 1 sun rarrabu kowa da gwaninsa, a sura 6 suna maka juna a kotu, a sura 11 wasu har buguwa suke yi wajen jibin Ubangiji yayin da wasu ke zaune da yunwa. Bai janye sunan ba. Abin da ya yi shi ne ya ce masu, tun da ku na Allah ne, wannan hali bai dace da ku ba. To haka za ki amsa wa yaron. Ki koma kan kwanon, ki shafa masa ɗan taɓo a gabansu, ki ce, "Yanzu ya daina zama na baba?" Za su ce a'a. "Me za a yi da shi?" A wanke. Sai 1 Yahaya 1:9, maganar furta zunubi da gafara. Ki tanadi ruwa a roba da tsumma, ki wanke shi a gabansu, kada ki bar shi da taɓon har a tashi, domin ƙananan abin da suka gani a ƙarshe shi suke tafiya da shi gida.

Rabon minti 40 ɗin, ga yadda zai yi: minti 5 waƙa da addu'a, minti 10 kwanoni, minti 8 labarin Musa, minti 7 taɓo da wanki, minti 10 hadda. A wajen hadda ki raba su. 'Yan shekara 5 zuwa 7 jimla ɗaya ta ishe su, "Ni na Allah ne", suna nuna ƙirji sannan su nuna sama. 'Yan 8 zuwa 12 su ɗauki aya 15 da 16 tare, domin aya 15 ce ke cewa a cikin dukan al'amuranku, wato har da wajen ɗibar ruwa da filin ƙwallo. Ki kuma nuna masu cewa Bitrus ɗauko maganar ya yi daga Littafin Firistoci, su duba 19:2. In sun karanta surar gaba kaɗan za su ga abin da Allah ya kira tsarki a can: girmama uwa da uba, barin kalar gona domin matalauci da baƙo, biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa kafin gari ya waye, kada a zagi kurma, kada a sa wa makaho abin tuntuɓe, mudu da ma'auni na gaskiya. Yaron da ake aika kasuwa ya san mudun da aka bubbuge gindinsa. Ban san wata sura da ta fi wannan sauko da tsarki ƙasa inda yaro zai taɓa shi ba.

Abu ɗaya kuma: ki zaɓi juyi ɗaya na Littafi Mai Tsarki domin hadda, ki rubuta a allo. Wasu gidajen tsohon juyin 1932 suke karantawa, wasu sababbi, har sunayen littattafan sun sha bamban, wani ya ce Yohanna wani ya ce Yahaya. In kowa ya haddace nasa, ranar maimaitawa hayaniya za ki samu.

Katikis, Katolika:

Malama, salama. Abin da Baba ya faɗa a sama mu ma shi muke koyarwa, kuma da shi ake farawa. Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, ta nanata a 1964 cewa kiran tsarki na kowane mai baftisma ne, ba na fada da sista kaɗai ba. Zan ƙara ne a kan kalmar waliyyi, tun da kina da su Monika da Kizito a aji.

Ki raba wa yaran abu biyu. Tsarkaka su ne dukan mutanen Allah, na duniya da waɗanda suka riga mu. Waliyyi kuwa, a bakinmu Katolika, shi ne wanda Ikilisiya ta bincika rayuwarsa bayan mutuwarsa ta kuma shaida a fili cewa yana tare da Allah, ana iya koyi da shi. Ikilisiya ba ta mai da kowa waliyyi, Allah ne ke yi, ita shaida kawai take bayarwa. Waɗanda ba a san sunansu ba sun fi waɗanda aka sani yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake da ranar 1 ga Nuwamba, idin dukan tsarkaka, domin kakar nan ta ƙauye da ba wanda ya rubuta labarinta. Ayar ranar tana cikin Wahayin Yahaya 7:9, taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace kabila da harshe. Ki tambayi yaran ko akwai masu jin Hausa a cikin taron. Amsar tana faranta masu rai.

Manyan yara sukan so su san yadda ake binciken. Mataki huɗu ne, ki zana tsani a allo. A ƙa'ida sai an shekara 5 da rasuwar mutum kafin a fara, ko da yake Fafaroma na iya ɗage wannan. Bishop na yankin da ya rasu shi ke buɗe bincike, a tattara rubuce-rubucensa, a saurari waɗanda suka zauna da shi, a wannan matakin ana ce da shi Bawan Allah. Sai a aika takardun Roma. In an tabbatar ya yi zaman bangaskiya da bege da ƙauna fiye da yadda aka saba gani, ya hau mataki na biyu, na wanda ya cancanci girmamawa. Na uku shi ne Mai Albarka, wanda ke bukatar mu'ujiza ɗaya da ta faru bayan mutuwarsa, yawanci warkewar da likitoci suka duba suka kasa bayyana dalilinta. Wanda aka kashe saboda bangaskiya ba a nema masa wannan ta farkon. Na huɗu, waliyyi, sai an sami wata mu'ujizar kuma. Misali na gida: Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda aka haifa a 1903 a yankin Aguleri ta jihar Anambara ta yanzu, ya rasu a Ingila ranar 20 ga Janairu 1964. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka ranar 22 ga Maris 1998 a Oba kusa da Onica. A mataki na uku ke nan.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a cika yara da labarin mu'ujizai. Yaron Katsina ya riga ya san waliyyi da karama, in kika bi ta nan zai ɗauka tsarki shi ne tafiya a kan ruwa, shi kuwa ko iyo bai iya ba. Ki zaɓi labarin da aikin hannu ya fi yawa a ciki. Wanda ya fi dacewa da garin nan shi ne Martin de Porres, wanda babbar majami'armu ta Katsina ke ɗauke da sunansa, ita ce kuma ta zama kujerar bishop da aka kafa diyosis ɗin Katsina a 2023. An haife shi a birnin Lima na ƙasar Peru a 1579. Ubansa Basifaniye ne mai muƙami, uwarsa baƙar fata ce 'yantacciyar baiwa, kuma an raina shi saboda launinsa. Yana yaro aka kai shi koyon wanzanci, aski da ƙaho da ɗaurin rauni, kamar dai wanzamanmu. Yana ɗan shekara 15 ya shiga gidan 'yan Dominikan, wata ƙungiyar masu hidimar Allah ta Katolika, a matsayin ɗan aiki: shara, wanki, jinyar marasa lafiya, rabon abinci ga mabukata a ƙofa. Ya rasu 3 ga Nuwamba 1639, ba a ayyana shi waliyyi ba sai 1962. A hotunansa za ki gan shi riƙe da tsintsiya. To ki shiga aji da tsintsiya, ki jingine ta kusa da kwanon nan, ki ce yau labarin wani wanzami mai shara za mu ji. Ba yarinyar da ba ta riƙe tsintsiya da safe kafin ta zo.

Ga mai suna Monika: uwar Agustin ce, mutanen Afirka ta Arewa ne, ƙasar Aljeriya ta yanzu. Ta yi shekaru tana addu'a da hawaye saboda ɗanta da ya bauɗe, har ya tuba aka yi masa baftisma a shekara ta 387, ya zama bishop na Hippo. Yara su san cewa bangaskiyar nan ta yi ƙarfi a Afirka tun kafin ta kai wurare da yawa na Turai. Ga masu son na zamani, Carlo Acutis ɗan Italiya, yaro mai son kwamfuta da ƙwallo, ya rasu a 2006 yana da shekara 15 da ciwon dajin jini, an ayyana shi waliyyi a watan Satumba 2025. Hotonsa da rigar wasanni yana karya tunanin cewa sai tsoho mai gemu.

Labarin Kizito da na Bakhita kuwa a yi hattara. Kizito shi ne ƙarami cikin shahidan Uganda, ɗan kimanin shekara 14, an ƙone shi a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886 bisa umarnin Sarki Mwanga. Katolika 22 ne da Angilikan 23 aka kashe a waɗannan shekarun, don haka labarin namu ne mu duka. Josephine Bakhita kuwa 'yar Darfur ce da aka sace tana ƙarama aka sayar, har ta manta sunan da iyayenta suka sa mata. Ta rasu a Italiya a 1947 bayan shekaru tana girki da tsaron ƙofa a gidan sistoci, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. A jiharmu yanzu akwai yaran da aka taso su daga ƙauyukansu da dare, wasu an taɓa ɗauke nasu. Kafin ki ba da labarin sata ko wuta, ki san su wa ke zaune a gabanki. 'Yan ƙasa da shekara 9 kada a ba su bayanin azaba ko kaɗan. Ki tsaya a kan cewa Kizito ya ƙi yin abin da ya san saɓo ne ko da sarki ne ya ce, Bakhita kuma ta yafe.

Malamar Lahadi, cikin garin Katsina:

Na gode Baba, na gode Baba Katikis, Allah ya ƙara basira. Kwanonin ma akwai su. Saura guda: na san manyan za su tambaya ko ana yin addu'a ga waliyyai. Ba na so in faɗi abin da zai sa yaro ya je gida ya ce kakarsa bautar gumaka take yi, ba na kuma so in koyar da abin da ikilisiyarmu ba ta riƙe ba.

Dattijon ikilisiya, Daura:

'Yata, tambayar nan ita ce ta fi wuya, kuma kin yi daidai da kika shirya mata tun yanzu. Ki faɗi gaskiyar kowane ɓangare yadda masu shi za su yarda cewa haka suke cewa, sannan ki faɗi naku.

Katolika ba su ce suna yi wa waliyyai sujada ba. Koyarwarsu ita ce sujada ta Allah ce shi kaɗai, waliyyai girmama su ake yi, ana kuma roƙonsu su yi addu'a domin na duniya, kamar yadda za ki ce wa 'yar'uwa a zumunta ta sa ki a addu'a. Mu a ECWA da Baptis da makamantansu ba ma yin haka. Dalilinmu 1 Timoti 2:5, matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, Yesu Almasihu, da Ibraniyawa 4:16 da ta ce mu matso gaban kursiyin alheri gabagaɗi, kuma ba mu ga inda Littafi ya umarce mu mu roƙi waɗanda suka rasu ba. Muna tunawa da su, muna koyi da su, iyakar nan. Ki faɗa a jimla uku ko huɗu, ki ce wanda ke son ƙarin bayani ya tambayi iyayensa da fastonsa. Kada ki bari ta zama muhawara, domin ɗan shekara 11 in ya ci gardama a kan kakarsa, girman kai ya koya, ba tsarki ba. Inda muka haɗu ya fi faɗi: duk mai furta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni yana cewa ya gaskata da tarayyar tsarkaka.

In kina son jerin tsarkaka da ba wanda zai yi jayayya a kai, Ibraniyawa 11 na nan. Ki sa manyan su karanta sunayen su faɗi laifin kowanne da suka sani. Nuhu ya bugu. Ibrahim ya ɓoye cewa Saratu matarsa ce. Yakubu ya yaudari mahaifinsa. Musa ya kashe mutum. Rahab karuwa ce. Dawuda kuwa sun san labarinsa. Duk da haka 12:1 ta kira su taron shaidu da ke kewaye da mu, aya ta 2 kuma ta ce mu zuba ido ga Yesu, ba gare su ba.

Zan ja kunne a kan abu uku da ke ɓata wannan darasi. Na farko, kyautar "yaro mafi tsarki na mako", ko alewa ga wanda ya fi natsuwa. Wanda ya samu zai zama Bafarisiyen Luka 18 da ke gode wa Allah don bai zama kamar sauran ba, wanda bai samu ba ya ce abin ba nasa ba ne. A ba da kyauta don hadda ko zuwa da wuri, kada a ba da ita don tsarki. Na biyu, faɗin cewa Allah ba ya son yaro mara ji. Iyaye na faɗa don a samu shiru, amma Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. A ce Allah ba ya son ƙaryar, kada a ce ba ya son yaron. Na uku, takardun nan masu launi da ake nuna baƙi a ce zunubi, fari a ce tsarki. Yaranmu baƙaƙe ne, kuma akwai 'yan mata da tun yanzu ake yi wa gori a kan launi har su fara sha'awar man bilicin. A yi amfani da taɓo ko ƙura, abin da ke hawa kan kowa kuma ya wanku.

Wasu malamai na kawo misalin iri, zangarniyar gero da manomi ke warewa ya rataye, ko yunwar bazara ta yi tsanani ba a taɓa ta. Misali ne mai kyau wajen nuna keɓewa domin wani aiki, amma yana da rami: manomi mafi kyau yake zaɓa. Maimaitawar Shari'a 7:7 ta ce Allah bai zaɓi Isra'ila don sun fi yawa ba, su ne ma mafi ƙanƙanta. In za ki kawo iri, ki toshe ramin da wannan ayar, in ba haka ba ki tsaya a kan kwano.

Mama, Zumuntar Mata:

Ƙanwata, darasi ɗaya ba zai ɗauke wannan duka ba, ki raba shi Lahadi uku. Ta farko kwanon baba. Ta biyu labarin mutum ɗaya, kuma in kina son na cikin Littafi ki ɗauki Tabita ta Yafa, Ayyukan Manzanni 9:36-42, wadda gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka masu. Ki zo da allura da zare da 'yar riga. Ki lura a aya 41 an ce Bitrus ya kira tsarkaka da gwauraye, wato mutanen ikilisiyar garin ne masu rai, ba matattu ba. Ki sa yaro ya karanta wannan da bakinsa. Ta uku ita ce yadda tsarki ke girma, wadda ba a taɓo sosai ba a sama.

Don wannan, rini ya fi komai. A marina in an tsoma zane a ruwan baba na rini, ba ya fitowa shuɗi nan take, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya juye, a sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya kama sosai. A aji zoɓo zai yi maki aikin. Ki dafa gwangwani biyu na zoɓo a ruwa lita ɗaya, ba sukari, ya yi kauri, ki tace ya huce. Ki yanka farin ƙyalle gida huɗu, kowanne kamar tafin hannu. Ya zama na auduga, domin yadin roba ba ya shan launi, za ki tsoma ya fito kamar yadda ya shiga ki ji kunya a gaban yara. Tun ranar Juma'a ki tsoma ɗaya sau biyu, ɗaya sau huɗu, ɗaya sau shida, kina barin kowanne ya bushe a inuwa tsakanin tsomawa. Na huɗun ki bar shi fari ki tsoma a gabansu, sannan ki jera duka a kan igiya. Tambayar da za ki yi: launin daga ƙyallen ya fito ko daga ruwan? Sai ki haɗa da Galatiyawa 5:22-23, abubuwa tara da Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa, ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri da sauransu. Tsomawar ita ce addu'a, jin Maganar Allah, zuwa sujada, neman gafara in an yi laifi. Ki sa leda a ƙasa, ki kuma riƙe robar da kanki, zoɓo ba ya fita daga kayan Lahadi da sauƙi, iyaye mata ba za su gode maki ba.

Aikin gida kada ya wuce ɗaya, kuma ya zama wanda za a iya gani. Kada ki ce "ku zama masu tsarki a wannan mako", ba su san ta inda za su kama ba. Ki ce kowa ya zaɓi abu guda: mayar da canji cif in an aike shi, ɗebo wa wata tsohuwa ruwa a unguwa ko Kirista ce ko Musulma, ko zuwa wurin wanda ya ɓata wa rai ya ce yi haƙuri. Ranar Lahadi kada ki sa su faɗa a gaban aji, zai koma gasa. Ki tsaya a bakin ƙofa lokacin shiga, kowa ya raɗa maki a kunne. Wanda ya ce ya manta, ki ce mashi wannan makon ma akwai, ya shiga ya zauna.

Ki kuma aika wa iyaye 'yar takarda mai ayar hadda da jimlar nan ta ƙananan, domin a gidaje da yawa in an ce wa yarinya tsarki, maganar ɗankwali da tsawon siket kaɗai ake nufi, yaro namiji kuma ba a ce mashi komai. Firistoci 19 da Baba ya ambata ba ta ware mace ko namiji ba. In akwai taron iyaye kafin watan ya kama, ki roƙi minti 10 ki nuna masu kwanonin su ma.